Sif ɗin gwanjo da kayan 'yar Kano a Jidda

Duk wadda ta zo Jidda da zama ta san ɗakin hayan mai ƙaramin ƙarfi ba wani fili gare shi ba, gado kaɗai ya cinye rabi, mu kuwa ba ma tafiya da kaya kaɗan, atamfa ce leshi ne shadda ce, ga abayoyin da mutum ke ta kwasa tun ranar da ya sauka.

Namu sif ɗin mai ƙofa biyu a Harajin Sawarik maigida ya sayo, babbar kasuwar gwanjon nan ta kudancin gari, aka ɗoro shi a dabbab, wato 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya, har ƙofar gida. Sabo ma akwai a IKEA amma in kin haɗa da harajin kashi 15 da kuɗin ɗauko wlh sai kin sake lissafi.

Matsalar irin waɗannan masu arha, in kin buɗe ƙarfen rataya ɗaya ne sai kanta ɗaya a sama shikenan, ya yi wa masu jallabiya da abaya daidai. Mu kayanmu na ninkewa ne, wa ke rataye turmin atamfa? Sai ki ga ƙasan duk a banza, kaya kuma na cikin gana-mas-go a ƙarƙashin gado.

To raba shi biyu muka yi. Na auna ciki da tef, maigida ya kai wa wani kafinta ɗan unguwa ya yanko mana falanki ɗaya na tsaye da ƙanana na kwance. Gefe ɗaya aka bar wa abaya da jallabiyarsa tsawonsu, ɗaya gefen ya zama kantoci tun daga sama har ƙasa, tazarar kamar santimita 30, in ta fi haka kayan sai sun yi tsini su zubo duk sanda kika zaro na ƙasa. Kuma dan Allah kar kanta ta yi faɗi da yawa, shadda nauyi gare ta, tsakiyar lanƙwasawa take.

Abin da ba a gaya wa mutum shi ne jikin sif ɗin ba katakon gaske ba ne, garin katako ne aka matse, in an taɓa kwance shi ramin sukuru ya riga ya buɗe ba ya riƙewa. Sai a huda sabon wuri a sa ƙananan ƙarafan nan masu kusurwa su tallafi kantar, a ɗan haɗa da gam. Bayan ƙofa na sa maƙalai daga shagon abu hamsa, wato shagon kayan riyal biyar-biyar, nan mayafai da jakunkuna suke, masu nauyi dai a'a, ƙofar sauka za ta yi.

Sai danshi, Jidda bakin Bahar Maliya take ba irin busasshiyar iskar Kano ba ce, in kika manna shi da bango kika cusa kaya dam wata rana warin fumfuna za ki ji a leshinki mai tsada. Mun ɗan janye shi daga bango, mun ɗora shi kan guntayen katako saboda ruwan mofin, na zuba kafur a lungunan, ranar Juma'a in na yi turaren wuta nakan bar ƙofofin a buɗe.

Samansa kuwa akwatin tsaraba ne, duk abin da na tsinta da sauƙi nan nake jefawa kafin a samu mai tafiya gida. Maigida kanta ɗaya na ba shi, har yanzu yana mita wai kuɗinsa ne.