Shekara bakwai a gefen Lebda, sau ɗaya na leƙa

Ranar Laraba ɗan ƙanwata ya bugo mini waya daga Abuja. Aikin tayil yake yi, ni na koya masa riƙe cokali. Na ce masa jikin kakarsa ya matsa, ga Sallah ta ƙarato, yaushe zai shigo? Ya ce, "Kawu, wallahi oganmu ya kama wani aiki, bene hawa uku. Bari in ɗan tara tukuna, in ya so bayan Sallah." Sallah ta uku ke nan yana faɗin haka. Na yi shiru da waya a kunne, don maganata ce na ji a bakinsa, har da "ɗan" ɗin nan da ake sakawa don a rage wa magana nauyi.

A 2004 na bi ta Agadas da Dirku na shiga Libiya. Na yi 'yan watanni a Sabha, sannan na gangara bakin teku, wani gari Alkums da ke gabas da Turabulus. Shekara biyu na ce wa Baba zan yi, sai ga ni na yi bakwai. A gefen garin akwai kufan wani birni na Rumawa, mutanen wurin suna ce masa Lebda, Turawa kuma Leptis Magna. Mukan ga motocin 'yan yawon buɗe ido sun nufi can, ni kuwa dariya suke ba ni: mutum ya baro ƙasarsu, ya biya kuɗi, don ya kalli kango! Juma'a kaɗai ce hutu, kuma ranar nake bin aikin gefe, gyaran banɗaki da liƙa tayil ɗin da ya ɓalle.

Kada in zalunci kaina, ba yawo ya kai ni ba. Guminan nan ne ya yi wa gidanmu rufin kwano, shi ya aurar da ƙannena mata biyu, ciki har da uwar wannan mai ce mini bari ya tara. Wanda bai taɓa ganin ruwa na zuba a kan gadon mahaifiyarsa ba, kada ya koya mini zumunci. Amma a 2008 da aka gaya mini Baba ya rasu, abin da na fara yi lissafi ne. Kuɗin hanya, wahalar sahara, watannin aikin da zan rasa. Na ce ai an riga an rufe shi, me zuwana zai ƙara? Na aika da kuɗin sadaka, washegari na koma bakin aiki. Har yau in na so, sai in ce hankali na yi. Wani daren kuma ba na iya faɗin haka.

Ƙarshen 2010 tayil ya yanke mana a wani gida, muka yi kwana uku a zaune. Wani abokin aikina, Bahaushen zangon Kumasi, ya ja ni Lebda kusan da ƙarfi. Da idon sana'a na shiga. A gidan wankan da aka gina zamanin sarki Hadiriyan na tsaya a banɗakinsu: kujerun marmara a jere, kowace da raminta, ruwa na bi ta ƙarƙashi yana tafiya da ƙazanta, ga wata 'yar kwata a gaban ƙafa. Na durƙusa na shafa mahaɗar duwatsun, na ji kunyar wasu ayyukan da na karɓi kuɗinsu. A kasuwarsu kuma, wadda ta girmi haihuwar Annabi Isa da 'yan shekaru, akwai dutse mai ramukan awo, mudun hukuma ke nan, don kada mai sayarwa ya tauye. Sai na ji kamar a kasuwar garinmu nake, masu awo ne kawai suka tashi salla ba su dawo ba.

Wani dattijo mai gadi ne ya ba mu labarin mai babbar ƙofar da ke mashigar birnin, Saftimiyus Safirus. Ɗan garin ne, an haife shi wajen shekara ta 145, ya tafi Rum neman sa'a har ya zama sarkin daular gaba ɗaya a 193. Sai ya dinga aiko da gini gida: dandali, babban zauren shari'a, titi mai ginshiƙai, tashar jiragen ruwa da aka faɗaɗa. Tashar nan ba ta jima ba yashi ya cike ta. Shi kuwa a garin Yok na Ingila ya mutu a 211, wajen yaƙi, ƙasar sanyi, nesa da zaitun ɗin garinsu. Abokina ya taɓa ni ya ce, "Ka ji ɗan ci-rani irinka, shi ma rufin kwano yake aikowa." Ban yi dariya ba. Daga baya rairayi ya binne birnin, sai a shekarun 1920 Italiyawa suka tone shi sosai.

Da yammar nan na zauna a saman matakalan gidan wasansu, teku na gabana, na ce bayan wannan aikin zan tafi gida. Ban tafi ba. Na ce in ƙara wata uku. A Fabrairun 2011 yaƙi ya ɓarke. Mai gidan da muke wa aiki ya ɓace da kuɗinmu na wata huɗu, dinarorin da na ɗinke a ƙugun wando kuma aka kwance su a wani shinge a hanya. Da leda ɗaya na shiga gida. 'Yata da na bari tana rarrafe ta ɓuya a bayan uwarta, tana tambaya wane ne baƙon.

Na zauna da niyyar rubuta wa matasa shawara goma, har na ja layi a takarda. Da na duba, yawancinsu surutu ne. Ka sa wa tafiyarka rana, ka faɗa wa mahaifiyarka ranar da bakinka, don kunyarta ta dawo da kai in kuɗi sun ƙi sakinka. "In na tara" ba rana ba ce, babu ita a kalanda. In an ce tsoho ba lafiya, ka tafi, kada ka tsaya lissafi. Sai dai kada ka shigo hannu rabbana, na san yadda ake kallon wanda ya dawo da leda, har a gidan da ya yi wa rufi. To yaya za ka haɗa biyun? Kai ka sani, ni ban iya ba.

Kuma garin da kake, ka buɗe ido ka gan shi. Yaron nan shekara uku a Abuja, Dutsen Zuma ta tagar mota kawai ya san shi. Ba ina nufin irin ganinku na yanzu ba, ku juya wa abu baya ku ɗaga waya ku turo baki. Ku da kuke da bidiyo a aljihu, kiran minti biyu ya gagare ku, mu da sai mun bi layi a shagon waya! Ko da yake mu ɗin ma da muka bi layin, kuɗi kawai muke tambaya ko sun iso.

Shi kansa Safirus an ce da zai mutu ya yi wa 'ya'yansa biyu wasiyya su haɗa kai. Shekara ba ta zagayo ba Karakalla ya sa aka kashe ƙanensa Geta. Sarkin Rum ke nan, balle ni mai tayil.

Duk da haka jiya na tura wa yaron kuɗin mota, na rubuta masa, "Ɗana, ka taho ranar Alhamis, benen ba zai gudu ba." Ya turo mini hoton hannu biyu a haɗe, bai ce komai ba. Da safen nan Inna ta sa aka share ɗakin zaure, ta ce a shimfiɗa sabuwar tabarma.