Keken guragu mai batir: abin da ke kashe shi, da yadda ake riƙonsa ya daɗe

Yawancin kekunan guragu masu batir da ake jinginewa a kusurwar ɗaki ana cewa sun mutu, injinsu lafiya lau yake. Batir ne ya mutu, kuma galibi ba tsufa ya kashe shi ba, rashin caji ne a kan lokaci da zafin ranarmu. Don haka duk wanda ya mallaki irin wannan keke, ko yake kula da mai shi, ya fara sanin batir kafin komai.

Akwai batir biyu a ƙarƙashin kujerar, kowanne 12V, an haɗa su sun ba da 24V. Ƙananan kekuna suna ɗaukar masu 33Ah ko 35Ah, manya kuma 50Ah zuwa 75Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa). Batir ne na darma wanda aka rufe ruf, ba a zuba masa ruwa, za ka ga an rubuta AGM ko GEL a jikinsa. Kekunan da ake naɗewa a sa a bayan mota su ne suka fi zuwa da batirin litiyam mara nauyi. Kada a bari wani ya ce maka batirin mota ma zai yi tunda shi ma 12V ne. An ƙera na mota ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, shi kuwa na keke aikinsa ya yi ta ba da wuta kaɗan-kaɗan wuni guda. Na mota ba zai yi watanni ba zai faɗi, ga kuma ruwan batir da zai iya zubowa a ƙarƙashin mutumin da wataƙila ba ya jin ƙuna a ƙafafunsa.

Ƙa'idar caji ɗaya ce: duk ranar da aka hau keken, a sa shi a caji da dare, awa 8 zuwa 12, ko da fitilun ma'auni sun nuna saura da yawa. Batirin darma ba ya son a bar shi ya ƙare ƙarƙaf. Idan ya zauna babu caji, wani abu kamar gishiri yana daskarewa a kan farantan da ke cikinsa, kuma in ya yi tauri ba ya narkewa, sai ƙarfin batirin ya ragu har abada. Keken da aka ajiye ba a hawa, saboda jinya ko tafiya, a riƙa cika shi aƙalla sau ɗaya a mako biyu. Sabon batir kuma ba ya kai ga cikakken ƙarfinsa sai ya yi caji kamar sau 15 zuwa 20, don haka kada a yi saurin cewa jabu aka sayar maka.

A nan ne matsalar wutarmu take shigowa. Wutar da ake kawowa awa uku a ɗauke ba ta cika batir, kuma cajin rabi-rabi kullum shi ne kisan mummuƙe a gare shi. Gara a samu rana ɗaya a mako da za a tabbatar ya cika har cajar ta nuna kore, ko da a sola ne ko janareta. In a janareta ne, a bari ya tashi ya daidaita kafin a jona, a kuma cire kafin a kashe shi. Sitabilaiza tana ceton caja daga wutar da ke dawowa da ƙarfi. Wani abin da mutane ba sa dubawa: kekunan da ake kawowa na hannu daga Amurka, wasunsu cajarsu ta 110V ce kawai, mu kuwa wutar gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220V da 230V. A karanta bayan cajar. In an rubuta 100–240V babu damuwa, in 110V ce kaɗai sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba jonawar farko ce ta ƙarshe. Kada kuma a yi amfani da cajar batirin mota ko ta babur mai lantarki don kawai bakinta ya shiga.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Batirin darma ya fi daɗewa a kusan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana cin kusan rabin rayuwarsa. Ka auna wannan da Afrilu a Sakkwato ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40. Shi ya sa batirin da zai yi shekara biyu a Turai a wurinmu da ƙyar ya wuce ɗaya. A ajiye keken a inuwa, a yi caji a ɗaki mai iska, kada a rufe cajar da zane. Ranar canji kuma a canza biyun tare, iri ɗaya, girma ɗaya. In aka haɗa sabo da tsoho, tsohon ne zai ja sabon ƙasa. Mai gyaran lantarki zai iya aunawa da mita: batir cikakke da ya huta 'yan awanni yana nuna kusan 12.8V, in ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa sosai to shi ne mai laifin.

Idan keke ya ƙi tafiya, a duba abu huɗu kafin a nemi mai gyara. Na farko ko caja tana jone, domin an tsara shi ne kada ya motsa yana caji. Na biyu libobi biyu da ke jikin injinan baya, galibi masu launin rawaya ko ja, waɗanda ake saki idan za a tura keken da hannu. In ɗaya ma tana sake, keken ba zai tafi ba. Na uku maɓallin katse wuta da ke kusa da batir, wanda ke tashi idan inji ya sha wahala a yashi ko a hawa. A bar shi ya huce minti ɗaya ko biyu sannan a danna. Na huɗu ko hannu yana kan sandar tuƙi, wato 'yar sandar da ake sarrafa keken da ita, lokacin kunnawa, domin hakan ma yana hana shi tafiya. Fitilun da ke walƙiya ma magana suke yi. A na'urar tuƙi samfurin VR2, wadda ke kan kekuna da yawa, fitila ɗaya na nufin batir ya yi ƙasa ko wayarsa ta saki, shida na nufin caja na jone, bakwai sandar tuƙi ce, tara kuma birki. Sauran samfura suna da nasu lissafin, yana cikin littafin keken.

Waɗancan libobin su ne wuri mafi haɗari a jikin keken. Birkinsa ba irin na mota ba ne, maganaɗisun lantarki ne ke buɗe shi yayin tafiya, sai ya kama inji da kansa da zarar an saki sandar tuƙi. Da an saki liba babu birki kwata-kwata. Kada a taɓa sakinta a kan gangara da mutum a kai, kuma duk wanda ya tura keken ya mayar da ita kafin ya ɗauke hannunsa.

Gangara ana fuskantarta ne kai tsaye, ba a karkace ba, kuma ba a juyawa a tsakiyarta. A rage gudu zuwa mafi ƙanƙanta wajen sauka, a miƙar da kujerar in mai kwanciya ce. Gwargwadon da aka amince da shi wajen gina gangarar shiga gida shi ne 1 cikin 12, wato dakali mai tsayin santimita 30 yana bukatar gangara mai tsawon mita 3.6. Abin da magina ke zubawa a ƙofar shago don shigar da babur ya fi haka tsayuwa nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke kifar da mutane ta baya. Ƙananan tayoyi biyun da ke can baya don hana kifewa aka sa su, kada a cire su don suna karo da dakali. A ɗaura bel ɗin ƙugu ko da a tsakar gida ne. A kashe keken duk lokacin hawa ko sauka, domin hannun riga ko mayafi na iya kama sandar tuƙi, haka ma yaro mai wasa.

Da damina, yayyafi ba ya komai, amma a rufe sandar tuƙi da leda. Ba a shiga ruwan da zai kai ga inji, ba a kuma wanke keken da tiyo ko bokiti. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. In ya jiƙe sosai a kashe shi, a bar shi ya bushe wuni guda kafin a kunna ko a sa caji. Da hunturu kuwa ƙura ce ke shiga bakin caji da ƙarƙashin robar sandar tuƙi. In robar nan ta yage a canza ta da wuri, don ba ta kai kuɗin na'urar da take karewa ba.

Sau ɗaya a mako a leƙa ƙananan tayoyin gaba, inda gashi da zare da leda ke naɗewa a gindinsu har su daina juyawa, keken ya riƙa ja gefe ɗaya. In tayoyin masu iska ne, adadin iskar yana rubuce a jikin tayar, a nuna wa mai faci kada ya yi da ka. Taya mai sanyi tana shan batir. Sau ɗaya a wata a bi notuna da sifana, musamman na madogarar hannu da matakin ƙafa, a duba ko wata waya ta goge, a share farin tsatsan da ke taruwa a kan bakin batir. Mai wannan aiki ya cire zobe da agogo, kada kuma sifana ta haɗa baki biyu na batir.

Jikin mai keken ma yana cikin lissafi. Wanda ke zaune wuni guda, musamman mai ciwon laka da ba ya jin zafi, yana iya samun gyambon zama ba tare da ya sani ba. A sauya zama duk minti 15 zuwa 30, ta hanyar sunkuyawa gaba ko gefe, ko a kwantar da kujerar baya sosai na minti biyu in keken yana da wannan. A duba fata kowane dare. Wurin da ya canza launi ko ya yi tauri ko ɗumi, bai koma daidai ba bayan rabin awa, a daina zama a kansa a je asibiti. Matashin zaman keke na musamman ne, filon kwana ba ya maye gurbinsa, kuma in soson ya lotsa har ana jin katakon ƙasa da hannu, lokacin canza shi ya yi.