Kifin da ba ya bin abinci

Tun da na fara aikin kula da tankunan kifin teku a gidajen mutane, hannuna ya saba da abu guda: in zan zuba abinci sai in kashe famfon da ke juya ruwa, don kada abincin ya watse. Da wannan sabon na kusa kashe kifaye shida da yunwa.

Irin masu siffar maciji ne, sirara kamar fensir, farare da ɗigo-ɗigon baƙi, waɗanda masana ke kira Heteroconger hassi, don tunawa da Hans Hass, ɗan Ostiriyan nan gwanin nutso a teku. A tekunan Indiya da Pasifik sukan taru ɗaruruwa a fili guda na yashi, kowanne da raminsa. Da wutsiya yake haƙa, ya shige da baya, yauƙin jikinsa ya liƙe bangon ramin kamar siminti. Sai ya leƙo da kai da ɗan abin da ya samu na jiki, ya fuskanci inda ruwa ke tahowa, yana cafke ƙananan halittun da ruwan ya kwaso. Ba ya barin rami don neman abinci, wanda ya faɗi ƙasa kuwa da wuya ya ko dube shi.

Ni kuma ga ni ina kashe famfo. Abinci ya nutse a gabansu, su yi ta kallo. Na zargi abincin, na canja shi har sau biyu. Sai da suka fara ramewa ta bayan kai na zauna na lura da kyau, na ga ba sa buɗe baki sai abu na wucewa. Daga ranar na bar famfon a kunne, ina sakin ƙananan jatan lande daga ɓangaren da ruwan ke fitowa, kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini. Wannan ma da nasa wahalar, don yawan ciyarwa na ɓata ruwa, dole a ƙara yawan canja shi.

Yashin ma sai da ya ba ni darasi. Kifin yana kai tsawon santimita 40, saboda haka zurfin yashin kada ya gaza santimita 20, in ya fi ma ya fi kyau, kuma ya zama mai laushi. Mai gidan ya fi son tsakuwar murjani don ta fi ɗaukar ido, na ce masa, ranka ya daɗe, wannan yanka musu fata za ta yi. Bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Duwatsu kuwa a kan gilashin ƙasa ake fara ajiye su kafin a zuba yashi, kada haƙa ya rufto da su. Murfi kuma dole ne, ko 'yar ƙaramar kafa suka samu da dare sai a tsince su a ƙasa.

Sai tsoro. Inuwa kawai ta gifta, duk su ɓace cikin yashi. A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe gidan kifi na Sumida a birnin Tokyo, irin waɗannan kifayen suka manta da mutane, har suna ɓuya wa masu kula da su, aka kasa duba lafiyarsu. Sai gidan ya roƙi jama'a su riƙa kiran bidiyo suna nuna musu fuska. Da na ji labarin dariya na yi. Yanzu ni ma in na je gidan da kifayen nan shida suke, kujera nake ja gaban tankin in zauna shiru kamar minti goma, sai kawuna shida sun fito, sannan in buɗe kwalbar abinci.