Haruffan Yatsu Suka Ci Mana Zango Guda a Horar da Malaman Kurame

Duk jadawalin bitar malamai da aka kawo mini na ga an ware kwanakinsa na farko don koyon A, B, C da yatsu, yanzu ba na yarda a yi aiki da shi. Irinsa aka miƙa mana lokacin da aka ce mu shirya malaman firamare da za su karɓi yara kurame a makarantunsu, muka bi shi sau da ƙafa, ya ci mana zangon karatu guda cur. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin yaran da suka zauna wannan zangon galibinsu sun riga sun makara, masu shekara takwas ne da tara da ba su taɓa shiga aji ba.

Malaman ba su da laifi. Masu takardar shaidar malanta ta NCE ne, kuma abin da yawancinsu suka samu game da ilimin yara masu buƙata ta musamman a kwaleji bai wuce kwas ɗin gabatarwa ba. Bitar kanta ta tafi lafiya. Ranar rufewa kowa yana rubuta sunansa da yatsu, yana ƙirga, yana gaisuwa, ya haddace jerin kalmomi. Aka raba takardun shaida aka watse.

Da muka fara zagayen duba aji sai muka tarar da littattafai cike da rubutu mai kyau, wani ma ya fi na yara masu ji tsafta. Malama ta rubuta "akuya" a allo, ta jera haruffan da yatsu, yara su maimaita babu kuskure ko ɗaya. Sai ka baza hotuna a kan benci ka nuna kalmar, ka nemi yaro ya ɗauko wanda ya dace. Ya kalle ka, ya kalli hotunan, ya sake jera maka haruffan. Abin da ya koya ke nan: in an motsa yatsu haka, shi ma ya motsa haka, sai a yi masa murmushi.

Dalilin a fili yake, amma ba ya bayyana a ɗakin bita, domin duk wanda ke zaune a can ya iya karatu. Haruffan yatsu rubutu ne da ake yi a iska. Yaro mai ji yana shiga aji ɗaya da Hausar shekara biyar ko shida a kansa, harafi yana zuwa ne ya sauka a kan sautin da ya riga ya sani. Yaron da aka haifa kurma bai taɓa jin "akuya" ba, don haka a, k, u, y, a siffofi biyar ne kawai na hannu da ba su nufin komai. An ɗora jinka ba a kafa dirka ba. Fiye da tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne, da yawa kuwa suna isowa makaranta ba su da cikakken harshe kowane iri. Aikin malami na farko shi ne ya ba su harshe, karatu ya biyo baya.

Akwai matsala ta biyu a ƙarƙashin wannan. Alamun da aka koya wa malaman na makaranta ne, waɗanda asalinsu daga Amurka suke. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi ma kurma ne, shi ya kafa makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan salon ya bazu a makarantun ƙasar. Amma ƙasar Hausa tana da tata maganar hannu tun kafin wannan, wadda kurame ke yi a kasuwa da majalisa da cikin unguwa, har masu ji da yawa suna ɗan taɓawa. Lokacin tara sai ka ga yaran da aka ce "ba sa gane komai" suna ta hira da hannu, ana gardama ana dariya, malami yana tsaye bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Wasu malaman har hana su suke yi, wai maganar titi ce za ta ɓata musu ta makaranta. Wannan hanin ya fi komai ɓata mini rai, domin ita ce kaɗai ƙofar da ke buɗe zuwa ga tunanin yaron.

Da muka sake tsara horon, abu na farko da muka sa shi ne malami ya san wane irin yaro ne a gabansa, don iri uku ne aƙalla. Akwai wanda ya yi magana kafin sanƙarau ko ƙyanda su tafi da jinsa. Wannan yana da Hausa a kansa, yana iya cin moriyar kallon leɓe, kuma dole a riƙa sa shi magana kullum don kada muryar ta shuɗe. Akwai wanda ya taso kusa da wasu kurame, ya zo da maganar hannu mai ƙarfi. Akwai kuma wanda shi kaɗai ne kurma a ƙauyensu, abin da yake da shi 'yan alamu ne da shi da mahaifiyarsa suka ƙirƙira. Zaman rabin awa da uwa ya isa a gane: yaushe aka lura ba ya ji, ya taɓa magana, wace rashin lafiya ya yi, akwai wani kurma a dangi ko maƙwabta, kunnen yana zubar da ruwa, kuma yaya yake nuna abinci, ruwa, banɗaki, ciwo da sunayen mutanen gida. Malami ya ɗauki waɗannan alamun a waya da izinin iyaye, ya koye su kafin yaron ya zauna a ajinsa. In kunne yana zubar da ruwa, asibiti ne farko. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro inda ake gwajin ji.

Na biyu, muka sauka daga kujerar koyar da maganar hannu muka ba masu ita. Ta hanyar ƙungiyar kurame ta jiha muka samu manya waɗanda suka iya salon makaranta da na gari duka, aka biya su a matsayin masu horarwa, ba kuɗin mota ba. Na nace a kan wannan domin in ka sallami mutum da kuɗin mota, malamai ma kallon ɗan rakiya za su yi masa. Dokar zaman ita ce ba murya, tun daga shigowa har fita. Mai son fita ya nemi izini da hannu, mai tambaya ya san yadda zai yi. Kwanakin farko da wuya, amma a nan malami yake ɗanɗana abin da ɗalibinsa yake ciki daga safe zuwa tashi. Jerin kalmomi kuwa muka ajiye shi. Kowane zama darasi ne na gaske daga manhaja: tarawa da ɗauke ɗaya, sassan shuka, alwala, kwanakin mako. Malami ya koyar da shi na minti goma a gaban yara kurame na gaske, a ɗauka a waya, a kalla tare an kashe sauti. Abin da ba a gane ba a bidiyon, yaro ma bai gane shi ba.

Bidiyon nan ne ya tona mana abin da babu littafin horon da ya ambata, wato kunya. A maganar hannu fuska nahawu ce. Ɗaga gira ne ke mai da zance tambaya, girgiza kai ke kore shi, kumbura kumatu ke nuna girman abu. Malamanmu kuwa tarbiyyar da suka tashi da ita ita ce babba ba ya yamutsa fuska a gaban yara. Wata malama ta ce mini, "Malam, ni da girmana in tsaya ina zare ido kamar mai wasan kwaikwayo?" Hannunta daidai, fuskarta a daskare, yara ba su san tambaya take yi ba ko labari take ba su. Mai horarwa kurma ce ta warware wannan, mace ga mata, a ɗaki daban, har suka saba. Haka kuma yaro mai ladabi a wajenmu sunkuyar da kai yake yi in babba na magana, kurma kuwa in ya sunkuya zance ya yanke. Sai an gaya wa malami a fili cewa kallon ido daga wannan yaron sauraro ne, kuma ya gaya wa iyaye haka. Sutura ma ta shigo ciki. Dogon hijabi yana haɗiye hannu, atamfa mai zane da yawa tana gajiyar da ido. Hijabi mai hannu, launi ɗaya, shi ya raba gardama. Malamar da ke sa niƙabi kuma a tattauna da ita tun kafin a ba ta ajin, don ba a koyar da kurma fuska a rufe.

Tsarin aji ba ya cin kuɗi amma kullum sai an maimaita shi. A jera benci kamar rabin da'ira don yara su ga juna, tunda amsar ɗan'uwa ma darasi ce. Haske ya faɗo a fuskar malami, kada ya ba taga baya. Kada ya yi bayani yana rubutu a allo. Babbar ƙa'idar ita ce kurma da ido kaɗai yake karɓar komai, ba zai kalli littafi ya kalli hannunka a lokaci guda ba. Nuna abu, dakata ya gama kallo, jira ya ɗago, sannan ka yi bayani. Malamai suna cin wannan dakatawar saboda saurin gama darasi. Jawo hankali kuma da taɓa kafaɗa ne, ko ɗaga hannu, ko bubbuga bencin da yake kai. Ba jifa da alli, ba jan kunne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara goma a ajin musamman. Inda aka cusa kurma biyu cikin yara tamanin, gaskiyar da muke gaya wa malami ita ce ya nema musu rabin awa kullum su kaɗai, in ba haka ba zaman rakiya suke yi.

Kada a dogara da kallon leɓe. "Baba" da "mama" kamanninsu ɗaya a baki, k da ƙ da g duk a can ciki suke, karin sauti kuwa ba a ganinsa sam. Ɗaga murya ma ba ya ƙara komai sai ɓata siffar baki.

Na'urar ƙara ji takan zo ne a matsayin kyauta, a ɗauki hoto, bayan wata guda tana cikin aljihun tebur. Batirinta mako ɗaya zuwa biyu yake yi, robar da ke shiga kunne tana yi wa yaro kaɗan yayin da yake girma, ƙurar hunturu da gumi suna toshe ta. Mun koya wa malamai duba ta kowace safiya. A kunna a dunƙule a tafin hannu, in ta yi fito batir na nan. A goge robar, a sa wa yaro, a tsaya ta bayansa a furta a, u, i, m, sh, s ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga hannu in ya ji. Sautin da ya ji jiya bai ji yau ba, akwai abin da ya lalace. Yaron da jinsa ya tafi ƙwarai kuwa na'urar ba za ta mai da shi mai jin magana ba, kuma gara iyaye su ji wannan daga bakin malami da wuri.

Haruffan yatsu ba mu jefar da su ba, mun mayar da su inda ya kamata. Jerin yanzu shi ne abin kansa ko hotonsa, sai alamarsa ta hannu, sai a yi ta amfani da ita cikin zance, sai kalmar a rubuce, yatsu su zo ƙarshe don riƙe jerin haruffa da sunayen mutane da garuruwa. Haruffan da aka aro 26 ne, babu ɓ, ɗ, ƙ a ciki, don haka makaranta ta zauna da manyan kurame ta tsayar da hanya ɗaya ta bambanta su, kowane malami ya bi ta. Kwafar allo kuma mun cire ta daga ma'aunin fahimta gaba ɗaya, tunda ita ta rufe mana ido wancan zangon. Yaro ya aikata umarni, ya haɗa kalma da hoto, ya ba da labarin da hannunsa, ko ya amsa tambayar da ba a taɓa yi masa da wannan siffar ba.

Horon da ba a bi shi da ziyara ba yana zubewa cikin makonni kaɗan, domin harshe ne, in ba a yi shi kullum sai ya gudu. Mai horarwa kurma yana shiga kowace makaranta sau ɗaya a mako, ya zauna a aji, bayan tashi ya gyara wa malami. Muna horar da malamai biyu a makaranta tare da shugabanta, kuma muna neman alkawari a rubuce daga sakataren ilimi cewa ba za a yi musu canjin wurin aiki ba sai an samu madadi, don takarda ɗaya ta canji tana iya mayar da aji inda ya fito. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba waɗannan yara haƙƙin ilimi, amma ba ita za ta tsayar da malami a ajinsa ba.

Abin da ya rage mana shi ne waɗannan manyan kurame. Su ne suka fi kowa iya aikin, amma yawancinsu ba su da NCE, don haka ba sa shiga tsarin albashi, ranar da kuɗin shiri ya ƙare ranar za su koma shagunansu. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka buɗe a 1977, tana ɗaukar ɗalibai kurame, kuma akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos. Matasan cikinsu da suka gama sakandare muna taya su cike takardun neman gurbi, dattawan kuma muna ta fafutukar a ɗauke su a matsayin mataimakan aji.