Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kuɗin Ƙafa

Makon jiya na tsaya a kan auren ƙanwata, amma ku yi mini haƙuri, zancen siminti ya tsaya mini a rai, sai na sauke shi tukuna.

Kawu, Allah ya jiƙansa, wanda a hannunsa na koyi jera bulo, bai taɓa ɓoye wa mai gini cewa yana ɗora wani abu a kan kaya ba. Kuɗin ƙafa yake kiransa. Yakan ce, "Abin da ka hwaɗi kamin aiki ciniki na, abin da anka gano bayan aiki sata ta." Shi ya sa ni ma ban taɓa karɓar aiki ba sai na raba lissafi uku: kuɗin kaya, kuɗin aiki, kuɗin ƙafa.

To, a watan Oktoban 2023 kamfanin siminti na BUA, mai masana'anta a Kalambaina kusa da Sakkwato, ya sanar da cewa buhu ya koma naira 3,500 a ƙofar masana'anta. Lokacin ina yi wa wani Alhaji bene a unguwar Mabera cikin Sakkwato. Da sassafe ya dira, rediyo a hannu, a gaban leburorina ya ce, "Malam, ga Kalambaina nan bayan gari, mi ya sa naka lissahi ya hi na kamhwani?"

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kamfani ba ya sayar wa irina buhu hamsin. Tirela yake ba dila, dila ya ba mai shago." Na lissafa masa mota, ga mai ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayu, ga 'yan dako wurin lodi da wurin saukewa, ga buhun da ya fashe wanda a wuyana yake. Kuɗin ƙafar kuwa yana rubuce a takardar da ya sa wa hannu. Ya ce duk bakin birkiloli ɗaya.

Wannan kalmar ce har yau ban haɗiye ba. Na san akwai masu haɗa baki da mai shago a rubuta rasit biyu, har da wani a cikin yaran da na koya wa aiki, kuma ya san kansa idan yana karantawa. Amma ni a haɗa ni da su?

Kawu ba ya gardama da irin wannan. Na tuna tun muna yara, wani ma'aikacin gwamnati ya yi masa haka a Runjin Sambo, sai kawai ya miƙa masa jerin kayan ya ce a sayo. Haka na yi wa Alhaji, da sharaɗi guda: duk ranar da leburori suka zauna jiran kaya, shi zai biya su.

Ya tura ɗansa kasuwa. Yaron ya dawo da rodi mai milimita 10 inda na rubuta 12, yana murna ya samu sauƙi. Na ce ba zan zuba kankaren bene a kansa ba. Yashin da tifa ta kawo kuwa rabinsa ƙasa ne. Aikin ya yi ta jan ƙafa har aka shiga 2024, buhu ya haura naira 10,000.

Alhaji bai ba ni haƙuri ba. Direbansa ya aiko da kuɗi, wai in ci gaba da sayayya kamar da. Uwargida ta ce in mayar masa, ni kuwa na karɓa, na sake rubuta takarda, kuɗin ƙafa a layin farko.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan bikin.