Darussa daga aiki da iyayen yara masu in'ina

Babban abin da aikin gyaran magana ke koya wa masu yinsa shi ne, shirun da mutanen gida ke yi a kan in'ina kan fi in'inar kanta cutar da yaro. In'ina takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5. Wajen yara 5 cikin 100 sukan yi ta, kuma kusan uku cikin huɗu tana barinsu. Tana bin jini, ta kuma fi zama a bakin maza. Ba firgici ke kawo ta ba, ba sakacin uwa ba, don haka kai yaro wurin wanzami a yanka masa ƙasan harshe wahala ce kawai.

A shekarun 1940 wani masani a Amurka, Wendell Johnson, ya yaɗa cewa ambaton in'ina ne ke dasa ta a bakin yaro. Tuni aka watsar da wannan ra'ayi. Ɗan shekara huɗu ya san bakinsa na maƙalewa. In ya ga uwa ta kau da kai, uba ya tsuke fuska, kowa ya yi gum, sai ya ɗauka abin kunya ne. Daga nan ƙifta ido ke farawa, da buga ƙafa, da sauya kalma, da gudun aike.

Idan ya tsaya a "ba-ba-Baba", a bar shi ya kai ƙarshe, ido na kan fuskarsa, sannan a amsa abin da ya faɗa. Kada a ƙarasa masa. In ya nuna damuwa, uwa ta ce, "Kalmar nan ta yi maka nauyi ko? Ba komai, ina jin ka." Su "yi a hankali" da "ja numfashi" da kyakkyawar niyya ake faɗarsu, amma abin da yaro ke ji shi ne ya yi laifi. Gara babba ya rage saurin tasa maganar, ya ɗan dakata kafin ya amsa. Cibiyar Michael Palin da ke Landan, mai kula da masu in'ina, tana ba iyaye shawarar minti 5 na wasa da yaron shi kaɗai, sau 3 zuwa 5 a mako, ba waya, ba jero tambayoyi.

A gidan yawa dole maganar ta kai ga kowa. Wasan kaka da jika ko na taubasai bai kamata ya taɓa bakin yaron ba, kuma a gaya wa yayyensa ƙarara cewa kwaikwayonsa ba wasa ba ne. A je wa malami ma. Yaro kan yi karatu sumul cikin taro, amma in an tsayar da shi ya biya shi kaɗai sai ya maƙale. Haka in'ina take, ba ganganci ba ne, ba rashin hadda ba.

Idan ta wuce wata 6, ko akwai mai ita a dangi, ko ta fara bayan shekara uku da rabi, ko yaron ya soma gudun magana, a nemi ƙwararren mai gyaran magana. Ana iya fara tambaya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa.