Takardar Sunaye Ba Ta Kasuwa Ba Ce

Asabar da ta wuce na je taron wata ƙungiyar masu amfani da Linux, manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, taron da ake yi sau ɗaya a wata, kowa ya zo da kwamfutarsa. Wani matashi ya yi bayani mai gamsarwa kan yadda ake raba faifan ajiya na kwamfuta a sa Ubuntu, wani nau'in Linux, gefen Windows. Da ya gama sai ya jawo takardar da muke rubuta suna da lambar waya, ya ɗauke ta hoto, ya ce zai turo wa kowa sanarwar ajin da zai buɗe, 'yan ƙungiya da rangwame. Gabana ya faɗi, domin na taɓa yin haka, kuma na san inda ta kai ni.

Na riƙe sakataren irin wannan ƙungiya shekaru masu yawa. Ni nake kwafar fayafayan CD da kuɗina in raba, ni nake jera kujeru, ni nake kulle ƙofa. Da na buɗe wurin gyaran kwamfuta, sai aka karɓe ɗakin da muke taro, na ce a dawo wajena kyauta. Allah ya sani da zuciya ɗaya na faɗa. Amma ba a yi wata uku ba na fara ajiye katin sana'ata a kan kowace kujera, daga nan na buɗe littafin sunaye ina tura talla. Na ce wa kaina ai ni na tara lambobin nan.

Abin da har yau yake hana ni sakat shi ne wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya. Ya ɗaga hannu ya ce kwamfutarsa ta daina ganin intanet tun da ya sa Linux. Na san matsalar, direba ce kawai ta ɓace, wato 'yar manhajar da ke sa na'urar intanet ɗin kwamfutar aiki, layi biyu zai rubuta a gama. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji na ce, "Baba, kawo ta ranar Litinin in duba maka." Ya kawo, ya biya, ya yi ta sa mini albarka. Daga baya wani yaro ya nuna masa yadda ake yi cikin minti biyu. Bai ce mini uffan ba. Ya ci gaba da zuwa, amma bai sake ɗaga hannu ba.

To, ni ma ina da hujja. Ina da iyali, ga kuɗin haya. Lasisin GPL, wanda ake raba Linux a ƙarƙashinsa, bai hana kowa cin abinci da manhaja ba, kamfanin Red Hat da Linux ya girma har IBM ya saye shi a 2019 kan dala biliyan 34. Kuma a Homebrew, ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta da aka kafa a Kalifoniya a 1975, Steve Wozniak ya nuna Apple I, kwamfutar farko ta kamfanin Apple. Na daɗe ina kare kaina da wannan labari. Abin da nake tsallakewa shi ne Wozniak rabon zanen na'urarsa ya yi kyauta a taron, ni kuwa amsa na ɓoye. Sauran masu gyara biyu da ke cikinmu suka ɗauke ƙafa, don ba wanda zai kawo mutanensa shagon abokin gasa. Duk shawarar da na bayar sai a dubi juna. Ba faɗa, ba zagi, kujeru ne kawai suka riƙa ragowa. Duk da haka ina cewa da wani ya samo mana ɗaki da ba a kai nan ba.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, ƙannena, amma ba su kai ba. Kada ku taɓa takardar sunaye, ba don ku aka rubuta ta ba. Kada ku karɓi wurin taro daga hannun mai sayar da abin da kuke taruwa a kai, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu rediyon sha'awa, waɗanda ke magana da juna ta na'urorin rediyonsu, sun gane wannan tuntuni, har dokar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce harkarsu ba ta neman kuɗi ba ce. Ku bar sana'arku a bakin ƙofa. Sai dai kuma kada ku ɓoye ta, in za ka yabi abin da kake sayarwa, faɗi cewa naka ne. In ka buɗe kasuwanci ka sauka daga muƙami, ko da yake na san masu sana'ar ne suka fi kowa iya aikin, kuma in sun sauka ba mai jera kujeru.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne gaggawa. Mutum bai zo taro uku ba ya fara ƙirga kawuna yana lissafin mabiya. Ni dai na yi shekaru ina ɗaukar kujera kafin kwaɗayi ya kama ni.

Bayan taro na ja yaron gefe. Ya ce, "Yaya, ai taimakonsu zan yi." Na ba shi labarin dattijon nan, na ce ya goge hoton a gabana. Ya goge yana ɓata rai. Wata mai zuwa kusa da takardar zan zauna.